Abin da Kunyar Cikin Fari Ta Ja Mini

Assalamu alaikum.

Ummi, ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da maigidanki. Ina roƙon Allah Ya kai ku Damaturu lafiya, Ya tsare ku gaba da baya a hanyar nan, Ya kau da idon mai mugun nufi daga motarku, Ya sa sojojin da ke kan shinge su tashi da farin rai ranar. Allah Ya sa aikin da aka tura shi ya zame muku alheri, gidan da za ku shiga kuma ku shige shi da ƙafar dama.

Da gangan na cusa takardar nan cikin ledar tsamiya da goruba, don na san ita za ki fara kwancewa tun mota ba ta kai Bajoga ba. Eh, na gani. Kina tsammanin ƙaton hijabin nan da kika tsiro da shi ya rufe mini ido? Shekara ashirin da ɗoriya ina sayar da tuwo a tasha a Bolari, daga yadda mace ta kalli miya nake gane halin da take ciki. Ranar Juma'ar nan da kika zo daga Manawashi kika tarar ina dakan daddawa, kika miƙe wai za ki duba ko akuya ta shiga lambu. Ummi, yaushe muka yi lambu a gidan nan? Wata uku na ba shi, in na yi kuskure to da sati biyu. Murna ta sa har tuwon ranar na ƙona, amma na kama bakina, kika kama naki, muka zauna muna hirar tsadar gawayi.

Abin da ke cikin takardar nan ba zan iya faɗa miki shi baki da baki ba. Kin san ni, kwandasta uku nake tsayarwa da baki ɗaya, amma in zauna da ke in ambaci ciki, sai harshena ya yi nauyi. Haka aka raine mu. To, biro ya yi mini aikin. Ki yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, ga shi babanku ya zauna mini a kan tabarau.

Maganar ɗaya ce. Da kun sauka, tun kafin ki jera kwanuka, ki tambayi inda ake awo, ki je ki yanki kati, ki miƙa hannu a yi miki allurar rigakafi. Kada ki jira ciki ya fito, kada ki jira wani ya ba ki izinin daina kunya. Sauran abin da zan rubuta labarin wautata ne, don ki ga inda tsoro da kunya suka kai uwarki.

Tun ina yarinya na fara. A rugarmu ta wajen Dukku, wata rana masu allura suka zo da farar mota, aka tara yara a gindin tsamiya. Ni da na ga wata ta kwance akwati tana goge wani abu mai ƙyalli, sai na sulale ta bayan garke na haye rumbun gero na ja murfi. Tun hantsi nake ciki har azahar ta gota. Na fito fari fat, ƙaiƙayi ya shiga ko'ina a jikina, kwana uku ina susa ina kuka, sa'o'ina da aka yi wa allurar kuwa tun a ranar suka koma wasan gaɗa. Da baƙon dauro ya shigo da bazara, ni ya fara gaisarwa. Idona na hagu da kuke yi mini tsiya wai ina kallon kwano biyu lokaci ɗaya, tsarabarsa ce.

Na san ke ma kin gado ni a nan. Kina ganin sirinji sai ki fara salati kamar an ce mota ta ƙwace. To ki ji, man da ke fallatso miki a hannu in kina suyar awara ya fi allurar nan zafi. Ki kau da kai, ki kalli bango, kafin ki gama bismilla an zare.

Yanzu ga wadda ta sa na ɗauki biro.

Da aka kawo ni Tudun Wada, ɗaki ɗaya muka kama a gidan haya ni da babanku, lokacin yana jan motar Dukku. Ƙofarmu na kallon ta Maman Ebuka, wadda kika sani, mai shagon kayan miya, mijinta na sayar da kayan gyaran mota a Bolari. A lokacin ɗanta ɗaya, kuma bakinta yadda kika san shi yanzu haka yake, bai ƙaru ba bai ragu ba. Ban cika shekara ba na samu ciki. A wajenmu cikin fari abin ɓoyo ne. Ba a faɗa, ba a nunawa, in an tambaye ki ki sunkuyar da kai ki ce ƙiba ce. Wadda ta fi iya ɓoyewa ita ce 'yar mutunci, ni kuwa na rantse sai na zama ta ɗaya. Na riƙa ɗaure ciki da ɗankwali, ina yafa zani biyu cikin zafin Gombe, ina daka ina ɗebo ruwa don kada a ce na canza.

Wata safiya ina shara, Maman Ebuka ta tsaya a kaina da bokiti.

“Amarya, yaushe za ki fara awo?”

Na ce, “Awon me? Masara muna da ita.”

Ta ajiye bokitin. “Ni za ki yi wa wayo? Jiya na ji ki a bayan gida. Ranar Talata ake yi, ki shirya in raka ki. Akwai allura da ake yi wa mai ciki, tana kare ki tana kare yaro.”

Na shige ɗaki na saki labule, raina a ɓace. Na ce a zuciyata, waɗannan mutane ba su san kunya ba, komai sai sun faɗa da baki. Sati biyu ban amsa gaisuwarta da kyau ba.

Amma maganar ta zauna mini. Wata Talata na saci jiki ni kaɗai na tafi. Asibitin a bakin titi yake, masu ciki kuma a kan benci suke zama a baranda, duk mai wucewa yana ganinsu. Na kai har ƙofa. Ina ɗaga kai sai ga Goggo Dija, yayar babanku, ta fito daga wajen karɓar magani. Ta ce, “A'a, amaryarmu, lafiya?” Wallahi ban san lokacin da na juya wajen mai tallar gyaɗa a bakin ƙofa ba, na ce gyaɗa na zo saya. Daga Tudun Wada, a ƙafa, gyaɗa. Goggo Dija ta dube ni sama da ƙasa, ta yi murmushi, ita ma kunyar ta hana ta cewa komai. Ta saya mini gyaɗar, muka jero muka dawo gida tare. Da ta buɗe baki ta ce shiga, da na shiga. Da na buɗe baki na ce awo na zo, da ta raka ni. Mu biyu muka yi ta tauna gyaɗa har gida, ban sake komawa ba.

A wata na bakwai aka mai da ni ruga goyon ciki, yadda ake yi wa kowace mai cikin fari. Na haihu da hantsi, namiji, ƙato, mai gashi har goshi. Kakata Dada ce ta karɓe shi. Tana da wata 'yar wuƙa a cikin ƙwarya da ta yanke cibiyar uwata da tawa da ta duk 'yan gidan, da ita ta yanke tasa. Ta haɗa toka da man shanu da busasshen kashin saniya ta shafa, tana gasawa safe da yamma. Ba mugunta ba ce, Ummi. Da ƙauna ta yi, abin da ta tarar ke nan, kuma yara da yawa sun tashi a hannunta.

Kwana huɗu yana shan nono kamar an aiko shi. A na biyar ya kama ya saki, ya kama ya saki. Kafin la'asar bakinsa ya ƙi buɗuwa. Da an taɓa shi ko an yi magana da ƙarfi sai ya sandare, bayansa ya lanƙwashe, 'yan hannuwansa su dunƙule. Tsofaffi suka ce tsuntsu ne ya gitta ta kansa, aka yi turare, aka yi tofi. Washegari babanku ya zo da ragon suna a bayan mota. Yana ganin yaron bai ko zauna ba, ya sauke ragon ya ɗebe mu sai Gombe.

Malamar asibitin da ta karɓe mu ta buɗe cibiyar ta duba, ta dube ni. Ba ta yi mini tsawa ba, da ma ta yi. A hankali ta ce, “Da kina da ciki an yi miki allura?” Na ce a'a. Ta ce sunan ciwon sarƙe-haƙora, ta cibiya yake shiga, kuma allurar da ake yi wa uwa ita ke bi ta jini ta tsare jariri. Sun yi iya yinsu. Kafin azahar ya koma, ana gobe suna.

Ba ke ce 'yar farina ba, Ummi. Kina da wa. Kwana shida ya yi, ba a raɗa masa suna ba, shi ya sa ba ki taɓa jin an ambace shi ba. Ni da babanku ba mu taɓa zama mun yi maganarsa ba sai shekaranjiya, da na ce masa zan rubuta miki. Ya ce, “Rubuta.” Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, ban ja da wannan ba. Amma na kai ƙofar asibitin nan da ƙafata na juya saboda kada a gan ni, kuma wannan nawa ne, na ɗauke shi shekara ashirin da huɗu. Har yau yana yi mini ciwo.

To share idonki, maigidanki na kallonki, kada ya ɗauka zagin sa na rubuto. Sha tsamiyarki mu ci gaba, sauran wautar mai ban dariya ce.

Da na samu cikinki, ko wata biyu bai yi ba Maman Ebuka ta gano. Wannan karon ba ta tambaye ni ba. Ranar Talata ta rufe shago, ta tsayar da acaɓa biyu a ƙofar gida, ta leƙo ta ce, “Fito. In kunya ce, ki ce ni kika rako.” Muka je muka zauna a bencin nan na baranda, ita da ba ta da cikin komai ta turo tumbi gaba tana nishi don ta taya ni. Rabin Tudun Wada sun wuce sun gan mu. Kin san abin da ya faru? Babu. Wata ma tsayawa ta yi ta tambaye ni inda na sayi atamfata.

Aka yi mini allurar a dantse. Ya ɗan kumbura, kwana biyu ina tuƙa tuwo da hannu ɗaya ina yi wa babanku raki, shi kuwa har da sayo mini tsire. Na ce shi ke nan, na gama da sarƙe-haƙora har abada. Katin ma na sa shi ƙarƙashin ƙafar tebur don teburin na rawa. Bayan sati biyar Maman Ebuka ta shigo aron murfin tukunya, idonta ya sauka a kai. Ta zaro shi, ta karkaɗe, ta karanta, ta dafe kai.

“Ranar komawarki ta wuce da sati guda.”

Na ce, “Ai an yi mini.”

Ta ce, “Ɗaya aka yi miki. In kin dafa shinkafa rabi kika sauke, kin dafa?”

Muka koma. Malamar ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla, ni ma ga shi na ba ki yadda ta ba ni. Ta farko share fage ce. Ta biyu bayan sati huɗu, ita ce ke sa kariyar ta kama, kuma ana so a yi ta da sauran lokaci kafin haihuwa. Ta uku bayan wata shida, sauran biyun shekara-shekara. Idan mace ta cika biyar ɗin, ta tsare kanta da 'ya'yan da za ta haifa. Ta kuma ce ba jariri kaɗai ciwon ke kamawa ba, mai jego ma yana shiga ta raunin haihuwa. Ni da na ɗauka don yaro kawai ake yi, ashe har da wuyana a ciki.

Saboda haka ki riƙe katinki da kyau. Ki sa shi a leda, ki ajiye inda kike ajiye sarƙar aurenki, ki sa maigidanki ya rubuta ranar komawa a wayarsa tunda kullum tana hannunsa. In malamar ta yi magana da Turancin nan nasu ba ki gane ba, ki ce ta maimaita da Hausa, ba a korar mutum don ya yi tambaya. Cibiya kuwa, in Allah Ya sauke ki lafiya, babu toka, babu man goge baki, babu wani haɗin tsohuwar maƙwabciya komai kirkinta. Abin da asibiti suka ba ki shi kaɗai za ki shafa. In tsohuwar ta matsa, ki ce uwarki ce ta hana, kuma uwarki masifaffiya ce. Ba ƙarya kika yi ba.

Za ki ce bayan wannan duka na yi hankali. Ina fa. Kina aji uku aka shiga surutun nan cewa rigakafi dabara ce ta hana mata haihuwa, musamman in an yi wa yara mata tun suna ƙanana. A tasha kowane direba ya zama likita. Wannan ya ce a Legas ya ji, wancan ya ce ƙanin matarsa ya gani da idonsa. Ina zuba musu miya ina sauraro, tun ina tsaki har na fara gyaɗa kai. Na ce wa kaina ta masu ciki daban, wannan ta yaran ita ce abin zargi. Ranar da masu ɗigon shan inna suka shigo layinmu, na tura ku ke da ƙannenki Hauwa da Zainabu bayan duron ruwa na rufa muku tabarma, na fita na ce yara sun tafi ƙauye. Ban rufe baki ba Zainabu ta yi atishawa, Hauwa ta ce mata “Yarhamukillah” da ƙarfinta, don an koya musu a Islamiyya.

Babanku na zaune yana wanke ƙafa. Dariya ya yi har buta ta kife. Ya ce, “Ke da aka yi wa allura biyar, kika cika mini gida har ina kwana da ƙafa a waje, ke ce za ki ba da labarin hana haihuwa? Fito da su.” Na fito da ku ina borin kunya, aka ɗiga muku, aka shafa muku shuɗi a ɗan yatsa, kuka yini kuna nuna wa mutane kamar lalle. Ga shi yau ke ce shaida, shekara ɗaya da aure kina gudun daddawa.

A Damaturu ma za ki tarar da masu irin wannan magana, ko'ina akwai su, a gidan suna da wajen niƙa. Kada ki yi faɗa da kowa, ke baƙuwa ce. Ki dai tambayi mai maganar ko ita ta gani da idonta, za ki ji ta ce wata ce ta gaya mata. In abu ya shige miki duhu, ki kai shi wajen wadda aikinta ke nan. In kuma kina son ta bakin malamai, ki tambayi mai ilimin gaske, zai gaya miki neman kariya ba ya karo da tawakkali.

Ta ƙarshen ba ta daɗe ba, kina nan aka yi, sai dai ba ki san cikinta ba. Lokacin da bam ɗin nan ya tashi a tasha, Allah Ya sa na koma gida ɗauko garin tuwo, na tsira da raina, rumfata ce kawai ta tafi. Daga ranar tsoro ya shige ni. Ko tayar keke ta fashe sai in tsinci kaina a ƙarƙashin gado. Na kafa doka a gida: ba kasuwa, ba biki, ba duk inda mutum ya wuce goma. Matar ƙanin babanku, Rabi, tana zaune a wajenmu da tsohon ciki, saura allurarta ta biyu, na ce ba inda za ta. Ni ɗin nan, da bakina. Na ce asibiti taro ne, a bari gari ya lafa.

A lokacin ne muka sauki Falmata a ɗakin zaure, wadda ta gudo wa 'yan bindiga daga wajen Damboa da ciki da yara mata biyu. Kin tuna ta, doguwar nan mai turaren wuta. Kwana uku suka yi a ƙafa cikin daji kafin su samu mota. Ba ta fito da tukunya ba, ba ta fito da zani na biyu ba. Ranar da ta ɗan dawo hayyacinta ta kwance bakin zaninta ta fito da wata leda da aka naɗe sau biyar. Na ɗauka kuɗi ne ko 'yan kunne. Katunan rigakafi ne guda uku, nata da na yaran. Ta ce, “Yaya, ina asibiti a nan? Ranata jibi.”

Na fara yi mata wa'azin taro da hatsari. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Yaya, waɗancan na gan su da idona, na gudu, Allah Ya tsere da ni. Wannan ciwon ba a ganinsa balle a gudu. Ni dai za ni.”

Kunya ta kama ni, ta gaske wannan karon. Jibin muka fita mu uku, ni da ita da Rabi, tun da sassafe kafin layi ya yi tsawo. A ƙofa aka laluba mu da ƙarfen nan mai ƙara, ya yi ta kuka a ƙuguna, ashe cokalin miya ne na soke a zani na manta. Mai gadin ya ɗaga shi sama ya ce, “Hajiya, wannan makamin fa?” Duk layin aka kwashe da dariya, har da ni, kuma rabona da dariya tun ranar tasha. Kafin rana ta yi zafi mun dawo gida. Rabi ta haifi Abba, Falmata ta haifi mai sunana, ga su nan yanzu suna fasa mini kofuna.

Ba zan ce miki kada ki ji tsoro ba, garin da za ki ya ga abin da ya fi namu. Ki ji tsoron, ki yi addu'ar fita, ki je da wuri, ki zauna kusa da ƙofa in hakan zai kwantar miki da hankali, a gama ki dawo. In an sa dokar hana fita ranar komawarki, ranar da aka ɗage ki je, ba a cewa ta lalace a fasa. In babu maganin a wannan asibiti, ki tambayi wani.

Ina so ki dawo gida goyon ciki, har na sa an gyara ɗakin da ke kusa da nawa, Maman Ebuka kuma ta riga ta fara rigimar ita za ta yi wa jariri wankan farko. Eh, ita ma ta gani, tun kafin ni ma wai. Amma hanyar nan yau a buɗe gobe a rufe, ba ni da tabbacin za ki iso, ba ni da tabbacin ni zan iso gare ki. Shi ya sa ba zan ce ki bari sai kin zo in kai ki da kaina ba. Abin da zai tsare ki da abin da ke cikinki, a can za ki karɓe shi, da ƙafarki. In mace kika haifa, duk rigakafin da aka ce na yara ne a yi mata shi cif, kada wani ya ce ai mace ce, tana gida. Na ji malaman asibiti na cewa akwai ma wata da ke kare 'yan mata daga sankarar bakin mahaifa, in ta iso inda kuke ki bincika, ki gaya mini don su Zainabu.

Maigidanki yaron kirki ne, amma shi ma ɗan kunya ne, na lura ko ruwa zai sha a gabana sai ya juya baya. Kada ku zauna ku biyu kowa na jiran ɗaya ya fara. Ki ba shi takardar nan ya karanta in bakinki ya yi nauyi. Ka ji, ɗana, amana ce na ba ka, ranar awo ka kai ta da kanka, aikin ofis ba zai gudu ba.

Kunya ado ce, ban ce ki yar da ita ba. Ki ji kunyar surukanki, ki ji tawa in kina so, ki ci gaba da sa ƙaton hijabinki har ranar haihuwa, ba zan tanka ba. Amma ban da a ƙofar asibiti. Ba sai kin kira ni kin ce komai ba, na san ba za ki iya ba. Ranar da aka yi miki ta farko, ki turo mini saƙo a waya ki ce kin sayi atamfa, Hauwa za ta karanta mini tunda ba tabarau, ni na san abin da ake nufi. Ranar ta biyu ki ce an ɗinka.

Allah Ya tsare ki, Ya tsare mijinki, Ya raba ku da sharrin hanya da na gari. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, kowa ya koma gidansa. Allah Ya sauke ki lafiya, Ya ba ki mai albarka. Ni dai abin da nake roƙo, a wannan karon in zauna a tsakar gida ranar bakwai, jariri a cinyata yana ƙoshi, in ji da kunnena an faɗi sunansa.

Babanku na gaishe ku, da ƙannenki duka.

Wassalam,
Innarki, Tudun Wada, Gombe.